Tozalin da Na Ƙi Wankewa

Ina lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, ina zaune wajen gwaggona tun da na baro Maijirgi, aka kawo mana sabon malamin Ingilishi, mushe kamar yadda muke kiran malamai. Mutum ne mai son waƙa, ba ya duka. Wata safiya ya shigo da tsofaffin waƙoƙin soyayya na Ingilawa, yana karantawa yana yi mana bayani da Faransanci.

Ya ce mawaƙan wancan zamani mace fara sol suke yabo, har matansu suka koma shafa farar hoda mai cin fata. Amma akwai wanda ya saɓa musu, ya yabi baƙar masoyiyarsa, ya kuma zagi masu shafe-shafe, wai fuskarsu ƙarya ce.

Sai mushe ya nuna ni. Duk ajin babu wanda ya kai ni baƙi.

"Ga irin wadda yake nufi nan."

Maza suka juyo suna dariya. Ya matso ya dubi idona, ya girgiza kai.

"A'a, ashe ke ma kin sa tozali. Da ya gan ki, da ya fasa."

Na miƙe.

"Mushe, wa ya tambaye shi?"

"Me kika ce?"

"Su suka ce ma matan sai fara. Matan suka shafa, suka dawo suna zaginsu. Ni ban roƙi yabonsa ba. Ya fasa mana!"

Mushe ya ce in fita in wanke idona, in ban wanke ba kada in dawo. Na fita na zauna gindin iccen bedi har aka tashi, ban taɓa ruwa ba.

A gida na ba gwaggo labari tana tankaɗen gari. Ita da kanta ta sha kawo mini man shafawa mai sa fari daga kasuwa ina ƙi, na ɗauka faɗa za ta yi. Ta karkaɗe hannu.

"Mutumin nan da ya yi waƙar, yana da rai?"

"Ya daɗe da mutuwa, Gwaggo."

"To matacce ne zai hana ki tozali? Ɗauko mini tandun."

Washegari ita ta zizara mini, ya fi na jiya kauri. Da na isa, na tarar 'yan matan ajinmu sun haɗa baki ban sani ba. Kusan duk sun ranbaɗa, har wadda ba ta yi mini magana.

Mushe ya shigo, ya tsaya bakin ƙofa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta sunkuyar da kai. Ya ajiye waƙoƙin bisa tebur, ya ɗauki alli, ranar nahawu muka yi.

Shekarar nan ban samu maki mai kyau wajensa ba. Ban je neman gyara ba, shi ma bai ƙara nuna kowa da yatsa ba.