Sallama a Garin da Babu Mai Amsawa

Maigidana malamin tarihi ne a wata kwaleji kusa da Malumfashi. Tun aurenmu aikinsa ke nan, ba da labarin mutanen da, na zamanin ganuwa da fatake. Ni ban wuce firamare ba, amma kunnena ba ya zubar da magana.

Da kakar masarar bara aka tura su horo Funtua, shi da sauran malaman tarihi. Ya dawo da wani ƙaton tabarau mai maɗauri. Wai in ka ɗaura shi sai ka gan ka tsakiyar tsohon gari, kamar Maska ta da can, da marina da zaurukanta. An gaya musu duk wanda ya kasa zagayawa da ɗalibai a cikinsa ranar gwaji, za a karɓe ajinsa a ba wani matashin malami.

Sai muka fara koyo a gida. Na kawar da turmi, na kore kaji, na riƙe hannun rigarsa kada ya faɗa rijiya.

"Malam, me kake gani?"

"Ƙofar wani zaure. Salamu alaikum!"

Shiru. Ya sake, ya tsaya cak.

"To ka shiga mana, ai gidan hoto ne."

"Ke dai, Hajiya! Gidan mutane ne, ko da sun rasu. Ba a amsa ba."

"Wa zai amsa? Daga ni sai akuya."

"To ke ki amsa."

Na amsa. Da wasa na fara, har ina maƙale murya kamar tsoho: "Wa alaikumus salam, shigo Malam, ina gajiya?" Sai ya shiga yana ta bayani, ga rumbu, ga masaƙa, muryarsa ta koma irin ta ƙuruciya. Kullum bayan la'asar haka muke, tuwona ya sha kamawa a tukunya.

Ranar gwaji kuwa ba na Funtua. Abokin aikinsa ne ya ba ni labari, yana kallon ƙasa. Malam ya yi sallama, ya sake, ya sake, babu wanda ya amsa. 'Yan baya suna ta ƙunshe dariya. Mai horar da su ta ce ya danna maɓalli kawai, ko ta bango ma zai iya wucewa. Ya ce shi bai taɓa shiga gidan kowa ta bango ba. Ya kwance tabarau ya ajiye.

An ba matashin ajin. Yanzu Malam ofis yake zama yana duba takardun jarrabawa. Yakan dawo da wuri, ya wuce gona, ya yi ta zagaya dawar da ba ta buƙatarsa.

Kwanan baya na tambaye shi ko za su yarda a sake gwajin in na raka shi. Sai ya ce:

"Ba a zuwa aji da mata, Hajiya."

Ya ɗauki buta ya fita.