Kwana Goman Kallamu

Kallamu ya iya Sinanci kamar a gaɓar kogin Guangzhou aka yanke masa cibiya, amma bakinsa bai iya cewa "ina so" ba a kowane harshe.

A Kantin Kwari ya tashi, a shagon kawunsa, inda ba a neman hutu. Sai kawu ya ce tafi gida, ka ce a'a, ya sake faɗa, ka sunkuyar da kai, a na uku ka nemi takalmanka. Da wannan tarbiyyar ya zo China karatu, da ita ya kama aikin tafinta a wani kamfanin tura kaya da ke titin Guangyuan, da takardar izinin aiki da komai. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye tsakanin 'yan kasuwar Kano da masu ɗinkin kasuwar Shisanhang, yana juya zafin wannan ya zama sanyi a kunnen wancan.

Duk farkon shekara Madam Liang, mai kula da ma'aikata, takan ajiye takarda a gabansa.

"Waɗanne ranaku za ka huta bana?"

"Haba, bar shi kawai, aiki ya yi yawa," in ji Kallamu, yana murmushi, yana jiran ta maimaita.

Ba ta taɓa maimaitawa ba. Sai ta miƙo wata takardar ya sa hannu cewa da kansa ya yafe hutun. Ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwarsu, Panyu, fuska a murtuke, ya ce da matarsa Zeinabou, 'yar Damagaram:

"Matar nan ba ta da kara. Ko sau biyu ba ta faɗa ba!"

"Baban Raliya, konje ne fa, hutun aiki, ba tuwon surukai ba. Ka ce kana so mana."

"Ni? Da bakina?"

Raliya 'yarsu ce ta fari, tana Kano wurin kakarta tana karatu. Bana aka sa ranar saukarta ta Alƙur'ani, kuma ta kira shi da kanta. Ba ta yi roƙo ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, sauran duk iyayensu za su zo."

Kwana uku Kallamu yana juya maganar, har ya samo dabara irin ta mutanen kirki. Ya je ya ɗauko Alhaji Alhasan, dattijon da ya fi kowa daɗewa a cikin Kanawan garin, ya sayi dabino da ganyen shayi mai tsada. Ranar Litinin suka shiga ofis, Alhaji cikin babbar riga mai ruwan bula tana share kwalaye, turarensa ya riga shi isa gaban mai kamfanin.

Alhaji ya gyara zama ya fara daga tushe: asalin yaron, halin kakansa, haƙurinsa. Kallamu ne tafinta, don haka shi ke juya yabon kansa zuwa Sinanci, gumi na zuba. Mai kamfanin ya yi fari fat. Ya ɗauka barin aiki za a yi.

"Laoban, maigida, ba haka ba ne," in ji Kallamu. "Alfarma muke nema. 'Yan kwanaki, in babu damuwa."

Aka kira Madam Liang. Da ta ji zancen sai da ta dafa tebur don dariya.

"Doka ce ta ba ka! Wanda ya cika shekara yana aiki, kwana biyar gare shi. Wanda ya cika goma, kwana goma, ban da ranakun hutun mako. Ni na zaci rigima ce kake gudu a gida!"

Kallamu ya fassara wa Alhaji. Dattijon ya dube shi, ya dubi dabinon.

"Kai yanzu, ɗan nan, abinka ne ka sa na saka babbar riga na zo roƙo?"

Madam Liang ta ajiye takardar. "Waɗanne ranaku?"

Wallahi sai da leɓensa ya fara haɗa a'a. Alhaji ya taka masa ƙafa.

"Goman duka!"

A jirgin Panyu ya riƙa nuna takardar ga mutanen da ba su tambaye shi ba. Wata tsohuwa ta karanta, ta ɗaga masa babban yatsa. Zeinabou ta tare shi a ƙofa da guɗar da ta sa maƙwabta leƙowa, ta ce da ta san babbar riga ce maganinsa da tuni ta ɗinka wa kanta.

Ranar saukar a Kano, filin makarantar ya cika da fararen kaya kamar an shanya auduga. Wani malami ya nuna masa kujerar gaba, ya ce bismillah. Kafin ya rufe baki Kallamu ya zauna daram. Daga nan ya ga Raliya ta fito rungume da allonta, tana bin fuskoki da ido ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan tasa.