Katin Asibiti Ba Garma Ba Ne

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata, mu huɗu ne a ɗakin duba marasa lafiya na asibitin da nake aiki a Birnin Gwari: ni, da likita, da wani manomi daga Kusasu yana murƙususun ciwon ciki, da matarsa. Shekaru sun wuce, amma har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar nan ba.

Aikina shi ne shigar da bayanan majinyata a kwamfuta. An tsara mata matakan kula da kowace cuta, kuma ba ta buɗe na gaba sai an cika na baya. Abokan aiki har suna ce mini Mataki-mataki, don ba na tsallake ko ɗaya.

Na farko, na karɓi kati na buga lambarsa. Na biyu, tarihin mai katin ya fito: bara an yi masa tiyata an cire masa afendis, 'yar wutsiyar hanjin nan da kan kumbura. Likita ya danna cikin ta saman riga, ya dubi allo, ya ce, "To ba afendis ba ne. Sa shi a matakan taifot, a ba shi gado." Jama'a sun cika baranda, ban ga laifin saurinsa ba.

Sai dai na uku ya rage: a ga tabon tsohuwar tiyata da ido.

Na ce, "Baba, ɗaga rigarka."

Ciki sumul, ko ƙwarzane babu.

"Ina ɗinkin?"

Matar ta ce, "Wannan? Allura ma gudunta yake, balle wuƙa! Yayansa aka yi wa aiki."

"To katin wa kuka kawo?"

"Na gida mana, Malam. Yaya ya ce mu riƙe, tunda shi ya warke."

Haka ake yi a ƙauyukanmu: kati ɗaya kamar garma, mai buƙata ya ɗauka.

Nan take na buɗe masa fayil nasa na kansa, muka sake bin matakai daga farko. Suka kai mu ga tiyata. Kafin azahar an shiga da shi. Da likita ya fito ya ce da mutumin ya kwana ana ba shi maganin taifot, da afendis ɗin ya fashe a cikinsa.

Ranar na gane cewa kwamfuta lamba ta sani, ba ta san fuska ba, kuma matakin da ake raina shi ke ceton rai.

Don Allah mai karatu, ari garma, ari babur, amma kada ka ari katin asibitin kowa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ka zo da naka.