Malam Iro da allon layin situdiyo

Labarin ya same ni da safiyar nan ina ɗaura igiyar takalmi. Jerry ne ya kira daga Kafanchan, ko gaisuwa bai yi ba.

"Oga Bitrus, Malam Iro ya rasu. Bayan asuba."

Na ce masa na ji, na kashe wayar. Har yanzu ko ruwa ban sha ba.

Rubutun yau zai yi tsawo, ku yi haƙuri. Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun yana da rai, ban faɗa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Iro mai kaset ake ce masa. Shagonsa yana cikin kasuwa, bayan layin teloli. Kakansa fatauci ya kawo shi garin, mahaifinsa a nan aka haife shi. Yana jin yaren Bajju sosai, yana taɓa na Atyap, kuma da wuya ka ambaci mawaƙi a ƙauyukanmu bai gaya maka sunan uwarsa da inda gonarsa take ba.

Ina firamare nake laɓewa a ƙofar shagonsa in saurari waƙa. Wata rana ya leƙo ya ce, "Ɗan gidan Ticha, shigo ka zauna. Kaset nake sayarwa, ba ji ba."

Har na yi furfura bai canza mini suna ba.

Ranar da muka binne mahaifina, shi ya ɗauko sifika biyu a bayan babur, ya haɗa wayoyin da hannunsa a harabar coci, ya tsaya a bakin ƙofa har aka tashi. Da na je yi masa godiya sai ya ce, "Ticha ne ya koya wa ƙannena karatu. Jeka ka ji da baƙi."

Da aka kafa ƙungiyar mawaƙa da makaɗa ta yankinmu, yana cikin waɗanda suka yi ta fama har aka samu ɗaki. Ɗaki ɗaya ne, an manna wa bangonsa yankakkiyar katifa, da makirfo biyu, da janareta mai yawan gardama. Amma abin da ɗakin nan ya yi wa mutane ba kaɗan ba ne. Duk Talata da Alhamis ɗan ƙungiya zai shiga a ɗauki waƙarsa kyauta. Mai biki zai ari sifika. In wani ya ɗauki waƙar wani ya ce tasa ce, a nan ake zama a raba gardama. Tsofaffin da ba su san yadda ake sa waƙa a waya ba, a nan ake nuna musu.

Layin shiga situdiyo kuwa a kan baƙin allo ake rubuta shi, da alli, kuma Malam Iro ne mai allon.

Shekara uku da suka wuce na zo gida hutu, Jerry ya same ni. Mawaƙin zamani ne, yana da murya, yana da zuciya kuma. Ya ce, "Oga, abin nan ya ishe ni. Tun kafin Kirsimeti na rubuta suna, yau sun sake goge ni. Sau biyu ke nan fa. Na who know person, sai wanda ya san wani."

Na ce mu je in gani.

Muka tarar da ofis a buɗe, Malam ya tafi sallar azahar. Na duba allon. Gaskiya ne, an goge sunaye an mayar da su ƙasa, shatin tsumma ma bai bushe ba, an hau da wasu sama. Na ɗauki hoto. A bakin ƙofa ga wani jan zakara an ɗaure masa ƙafa, ga buhun doya an jingine. Shi ma na ɗauki hoto.

Ina so ku lura da abin da na yi bayan nan, don a nan laifin yake.

Na kira wayarsa sau ɗaya. Tana kashe, kuma na san dalili, mutum yana masallaci. Ban jira ya fito ba. Ban je shago ba, alhali tafiyar minti biyar ce. Da yamma na haɗa hotunan biyu gefe da gefe a shafin nan, na rubuta tambaya a kai: wa ke kawo zakara, wa ke hawa layi? A ƙasa na ƙara layin da duk ɗan jarida ya san amfaninsa, cewa an yi ƙoƙarin jin ta bakinsa ba a same shi ba.

Ni ne nake koya wa masu koyon aiki a ofishinmu cewa ba a buga zargi sai an ji ɓangare biyu.

Ban rubuta kalmar cin hanci ba. Na daɗe ina fakewa da wannan. Amma na san abin da mutane za su karanta, kuma shi suka karanta. Kafin gari ya waye an yi ta yaɗawa. Wasu suka zage shi. Wasu suka shigo da addini cikin maganar, kun san garinmu, kun san abin da hakan ke nufi. Ban goge ko ɗaya ba.

Cikin mako aka kira taro. Ni na riga na koma Kaduna. Daga baya Jerry ya ba ni labari cewa Malam ya miƙe ya ce, "Jama'a, manoma ne," sai hayaniya ta rufe shi. Ya tsaya ya jira, ba a yi shiru ba. Sai ya ciro allin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Ga allinku," ya fita.

Aka kafa sabuwar doka: wanda ya riga rubuta suna shi ne a gaba, ba gogewa, ba canji. Na yaba wa dokar a rubuce.

Shi kuwa bai daina gaishe ni ba. In na wuce ta kasuwa zai ɗaga hannu, "Ɗan gidan Ticha, an shigo?" Ni ne na fara canza hanya.

Sai bara, da aiki ya kai ni wani ƙauye bayan Samaru Kataf don rahoto kan cutar da ta kama citta. Aka ce in gaida Mama Saratu kafin in tafi. Ita ce ke ba da waƙa a ƙauyen, mata suna amshi: waƙoƙin niƙa, na kai amarya, na zumuntar mata, duk da yarensu, da yawa babu wanda ya riƙe su sai ita. Na same ta a ƙofar ɗaki a kan tabarma. Ɓarin jikinta ya shanye, magana tana fita da ƙyar.

Da ta ji daga Kafanchan nake sai ta tambaye ni Iro. Ba ta san ni ne na yi rubutun ba. Ban kuma gaya mata ba.

Ta ce, "Iro ya san mu. In mun gama shanya citta, kafin ruwa ya sauka, lokacin ne zai aiko ya ce mu zo. Sabon mutane sun ba ni wata na shida. Ɗana, wata na shida wa zai bar gona? Na aika na ce ba zan iya ba, sun ce layi na ya wuce."

Ta huta, ta ci gaba.

"In mun je mu da yawa ne. A gidansa muke ci. Mu kai zakara da doya, Hajiya, matarsa, ya dafa mana."

Ban tambaye ta zancen zakara ba. Ita ta kawo shi, tana murmushi da rabin baki.

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar ta, waƙa huɗu. Sauran an shirya su ne a zuwan da bai yiwu ba. Shekarar da ta biyo baya ciwon ya same ta.

A cikin mota na buɗe tsohon hoton allon, na faɗaɗa shi, na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, abin da ban yi ba ranar da na ɗauke shi. Waɗanda aka hau da su sama: Mama Saratu da matanta, wata ƙungiyar mawaƙan coci daga ƙauye, da wani mai kukuma daga wajen Jere wanda shi ma noma yake yi. Waɗanda aka saukar: Jerry, da wasu 'yan cikin gari biyu, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanin Malam Iro ne na jini.

Ashe kalandar gona yake bi. Mutumin ƙauye yana da 'yan makonni ne kawai a shekara, tsakanin gama shanyar citta da faɗuwar ruwan farko. Da ruwa ya sauka sai shuka, sai rufe gona da ciyawa, sai noma, sai haƙa, sai yanka, sai shanya, shekara ta zagayo. Ɗan cikin gari kuwa ko ana tsakiyar damina zai iya tsallako kwata ya zo ranar Talata. Don haka in rani ya yi, Malam yakan goge na gari ya sa na ƙauye, in damina ta kama ya mayar wa na gari gurbinsu. Bai taɓa rubuta wannan a matsayin doka ba. A ganinsa abu ne da kowa ya sani.

Ni da aka biya mini makaranta da kuɗin citta, ban gane ba.

A daren da na dawo na rubuta gyara. Yana nan cikin wayata fiye da shekara. Kullum in ce sai na ƙara tabbatarwa, sai na ji ta bakin sabon kwamiti, sai an wuce wannan, sai an wuce wancan. Gaskiyar ita ce an san ni da cewa ba na kuskure a rubutu, kuma ban so a daina faɗin haka ba.

Wata biyu da suka wuce na yi ta maza na je shagon. Yanzu caja da memori yake sayarwa, kaset ɗin suna can sama sun yi ƙura. Ya rame. Ya matsa mini a benci, ya aika aka kawo mini kunun zaƙi.

Muka yi zancen hanya, muka yi zancen tsadar taki. Da ƙyar na ce, "Malam, na je wajen Mama Saratu."

Ya ce, "Yaya jikin nata?"

Na ce da sauƙi. Sannan na ce, "Na gane abin da ke kan allon nan. Zan rubuta gyara. Ina ƙarasa haɗa bayanai ne."

Ya dube ni, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan gidan Ticha, wancan karon kwana nawa ka yi kana haɗa bayanai?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kofin kunun.

Ya dafa gwiwata ya ce, "Sha kununka. In za ka rubuta, ka sa a ciki cewa akwai mai kukuman nan na Jere, shi ma tsufa ya kama shi. Su neme shi da rani."

Na ce to. Na ce mako mai zuwa.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

To ga gyaran, a fili, da sunana.

Malam Iro bai karɓi zakaran kowa don ya hau da shi layi ba. Zakaran da doyar da na ɗauki hotonsu abincin baƙi ne, mawaƙan ƙauye suka kawo, a gidansa aka dafa musu. Canjin da na gani a allo tsari ne na tausaya wa manoma, kuma ɗan ƙaninsa ma bai tsira daga gare shi ba. Ban nemi jin ta bakinsa da gaske ba. Kira ɗaya na yi, a lokacin da na san ba zai ɗauka ba. Abin da na rubuta ya jawo masa zagi a garin da aka haifi ubansa, ya raba shi da aikin da yake so, ya kuma sa wasu waƙoƙi ba za a ƙara jin su ba.

Ban goge tsohon rubutun ba. Na sa wannan a samansa, don duk wanda ya je can ya fara cin karo da shi. Wanda ya san ya yaɗa wancan, ina roƙonsa ya yaɗa wannan.

Shugabannin ƙungiya, dokar da kuke bi yanzu ni na yaba mata, kuma na yi kuskure. Ku zauna ku duba ta kafin rani. Mai kukuman Jere yana nan da ransa.

Jerry, kai ƙorafi ka kawo, kuma kana da haƙƙin kawowa. Bincike aikina ne. Kada ka ɗora wa kanka.

Hajiya, da yara, ban san da wane ido zan dube ku ba, amma ina hanya. Mun wuce Kasuwan Magani aka kira ni cewa an riga an kai shi makwancinsa. Zan zo in durƙusa a ƙofar gida in faɗi wannan da bakina, a gaban duk wanda ke wurin zaman makoki.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya yi wa mutanen da ba su da mai magana a madadinsu. Ubangiji ya ta'azantar da iyalinsa, ya ba Mama Saratu sauƙi.

'Yan'uwa Musulmi, ku yi masa addu'a yadda kuka saba. Mu ma na coci, duk wanda sifikar mutumin nan ta taɓa yi wa aiki a biki ko a makoki, ya tuna da shi da iyalinsa yau. In kun gama, ku roƙa mini gafara ni ma, don ban nemi tasa ba har ya tafi.