Linux Shida Na Ɗora Wa Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "mutumin Kankiya", tunda can nake koyar da lissafi a sakandare. Kafin in samu aiki "wancan" nake. A wajenmu wannan ba abin damuwa ba ne, kunya ce, kuma na tashi na tarar da ita kamar yadda na tarar da rijiyar tsakar gida. Inna ma ta fi shi. In Baba yana da saƙo gare ni, ƙanwarsa yake ba, wato Gwaggo, wadda ta dawo gidanmu na Kusada da zama bayan rasuwar mijinta. Ita ba ta jin kunyar kowa.

Baba tsohon hedimasta ne. Ya koyar a Kaikai, ya koyar a Mawashi, ya zagaya ƙauyuka da dama a kan keke kafin ya yi ritaya. Da ya zauna gida sai ya ɗauki biro ya fara rubuta abin da ya gani a aikin, shekara bi shekara. Bai yi nisa ba idonsa ya fara ba shi matsala. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma sai dai a riƙa ɗiga magani don ya tafi a hankali. Cikin 'yan watanni Baba ya daina gane rubutun hannunsa.

Gwaggo ta kira ni a waya.

"Ubanka shina son na'urar nan taku da ake ƙara ma rubutu girma. Bai ce in hwaɗa maka ba. Ya dai hwaɗa sau uku ina wurin."

Na tafi Kano da kaina. A nan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na iya zaɓe. Masu shago suka yi ta tura mini siraran nan masu ƙyalli, na ƙi. Na ɗauki wata tsohuwar laftof ta hannu, mai faɗin allo wanda ba ya walƙiya in haske ya bugi fuskarsa, mai maɓallai masu tauri da mutum zai ji a yatsansa cewa ya danna. Batirinta ana cire shi da hannu a sa wani. Na sayi maus mai waya, domin marar waya kwana uku zai yi a gidanmu kafin a same shi cikin kwandon wanke-wanke. Na haɗa da ɗan faifan sola da batirinsa, don kada aikin Baba ya dogara da ranar da aka ga damar kawo wuta.

Sai maganar abin da za a ɗora mata. Ni mutumin Linux ne. Ga wanda bai sani ba, manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kyauta ake ɗauko ta, kuma tana tashin tsofaffin na'urorin da aka yanke wa ƙauna. Sai dai ba iri ɗaya ba ce. Kamar gero take, wani ya yi fura da shi, wani tuwo, wani kunu, kowa kuma ya rantse nasa ne abinci. Akwai ɗaruruwa. Ni kuwa ina da wata lalura da masu harkar suka sani: ba na iya wata biyu da guda ɗaya. Matata ta ce da mata nake canjawa haka da tuni unguwa ta kore ni.

Na ɗora wa Baba wanda ake ba 'yan koyo. Komai nasa na dannawa yana ƙasan allo, a kusurwar hagu. Na mai da allon baƙi, rubutun fari, kowane harafi ya kai girman ɗan yatsa. Ranar Asabar da hantsi muka zauna a zaure na fara koya masa. Koyar da mutumin da ba ya kallonka sai da dabara. Na fuskanci kwamfutar na ce, "In mutum ya danna nan, rubutunsa zai fito." Baba ma ya fuskance ta ya ce, "To. In kuma mutum ya yi kuskure hwa?" Haka muka yini muna magana a kan wani mutum da ba ya wurin.

Cikin sati biyu ya kama. Da yatsa ɗaya yake bugawa, daga hantsi zuwa azahar, shafi huɗu a sati. Na ji daɗi ƙwarai, har na ba da labari a ɗakin malamai ba tare da an tambaye ni ba.

Da na bar abin a nan da shi ke nan.

Wata Asabar na lura batirin kwamfutar ba ya kai azahar. Na karanta cewa akwai wani Linux marar nauyi da ba ya shan wuta. Na zuba shi a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, na kai Kusada, na kwashe rubutun Baba na ajiye gefe, na goge na farko, na ɗora sabo, na mayar da rubutun. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba, kuma har yau ina so a san da wannan. Shi wannan komai nasa a sama yake. Na nuna wa mutumin nan da ba ya wurin inda zai danna, sannan na ce, "Baba, ya aka ga wannan?"

Ya dubi ƙofar zaure ya ce, "Madalla."

Na ɗauki madalla na sa a aljihu na koma Kankiya.

Na uku na kawo shi ne don gilashin ƙara girman rubutunsa ya fi kyau. Wannan dalili ne na gaskiya. Na huɗu kuma, a wani zauren hira na waya da muke da shi na masu wannan harka wani ya ce na ukun na yara ne, ni kuma raina ya ɓaci a madadin Baba. Na biyar ya zo da wata manhajar rubutu dabam, wadda ta fi sauƙi in mutum ya riga ya san inda aka ɓoye komai. Na shida ban tuna dalilinsa ba. Ina jin launinsa ne ya burge ni, alhali mai kwamfutar baƙi da fari kaɗai yake amfani da su. Kowane karo ina tambaya, kowane karo ana ce wa ƙofar zaure madalla. In zuciyata ta ɗan yi mini ƙorafi sai in ce mata sabo turken wawa, hedimasta guda ba zai gagara koyon sabon abu ba.

Na lura shafukan sun ragu, daga huɗu a sati zuwa biyu, wani satin ma babu. Na ɗora laifin a kan idon. Har na fara binciken na bakwai, wanda aka ce an yi shi musamman don masu raunin gani.

Ranar da na zo da shi, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Ina jingine babur Gwaggo ta tare ni a bakin zaure.

"Mi ke cikin aljihunka?"

"Filash ne, Gwaggo."

"Wani sabon ne kuma?"

"Wannan ya fi duk na baya."

"Haka ka ce wancan karon. Biyo ni."

Ta kai ni ɗakinta, ta jawo wani naɗi daga bayan gado ta warware a kan tabarma. Tsofaffin kalandu ne, irin manyan nan da ake rabawa, guda shida. A bayan kowace Baba ya zana allon kwamfuta da baƙar maka, yadda yake zana taswira ga 'yan aji huɗu. Ga kibiya, ga rubutu da manyan baƙaƙe: NAN AKE SHIGA. NAN AKE AJIYEWA. KADA A TAƁA NAN. A saman kowace ya sa lamba, na ɗaya, na biyu, har na shida. A ƙasa kuma ya rubuta kwanakin da ya yi kafin ya iya shiga rubutunsa ba tare da ya duba zanen ba.

Gwaggo ta ce, "Duk randa ka tahi, sai ya kira ni in riƙe mashi kalanda shina lalube. Ni da ban yi boko ba, ni ce mai nuna ma hedimasta kibiya. Wani lokacin mu yini bai ga rubutun nashi ba, ya ce halan ya goge shi da hannunshi. Ranan nan ko tuwo bai ci ba."

"To me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"Wa zai hwaɗa maka? Shi? Ni kuwa ya hana ni. Ya ce mutumin Kankiya shi ya san aikinshi, kar a kashe mashi gwiwa. Yau dai na gaji. Garin neman gira za ka rasa mana ido, ɗan nan."

Ni malamin lissafi ne, don haka abin da na fara yi shi ne tarawa. Sha biyu, tara, sha bakwai, ashirin da biyu, talatin. Kwana casa'in. In an cire na farko, wanda dole ne, saura saba'in da takwas. A shafi huɗu a sati, sama da shafi arba'in ke nan. Ta shidan ba ta da lamba a ƙasa, zanen ma bai ƙarasa ba. Na kuma ga abin da ba sai an tara ba: baƙaƙen kalanda ta ɗaya sun kai ɗan yatsa, na ta shida sun kusa tafin hannu.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba irin tamu ta gida ba ce. Mutumin yana tsere da idonsa, ni kuma kowane wata sai in zo in kwashe masa hanya in shimfiɗa wata. Na san sarai Baba ba zai taɓa duban ɗan farinsa ya ce ka yi ba daidai ba. Na sani tun ina yaro. Na dai ga dama ne na ɗauki madallarsa a matsayin sakamakon jarrabawa.

Na koma Kankiya a ranar, na ɗauko na farkon, na dawo kafin la'asar. Na ɗora shi, na jera komai yadda kalanda ta ɗaya ta nuna, ina dubawa ina gyarawa. Batirin da ba ya kai azahar kuwa, na sayo na biyu, abin da ya kamata in yi tun farko. Na ajiye kwamfutar a gaban Baba na ce, "An mayar da na da. Ba za a sake taɓawa ba."

Bai ce madalla ba. Ya kama maus, hannunsa ya tafi kusurwar hagu ta ƙasa da kansa, ya danna. Rubutun ya fito. Ya ce wa Gwaggo, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, "A ba mutumin Kankiya hura."

Ya yi rubutu sosai a sauran daminar, har shafi biyar a sati. Amma bayan an gama girbi sai na riƙa tarar da ya ƙara girman baƙaƙen da kansa, har ya zama kalma biyu ke cika allon. Daga nan sai ɗaya. Na kunna masa muryar da ke karanta abin da ke kan allo, ba tare da na canja komai ba. Ta karanta masa Hausarsa da harshen da ba na kowa ba. Ya saurara har ta kai aya, cikin ladabi, sannan ya ce a sallami baƙon.

Lokacin ko rabin shekarun aikinsa bai kai ba. Gwaggo ta sake kirana ta ce, "Ya ce da za a samu mai buga mashi in shina hwaɗa. Sau ɗaya ya hwaɗa, amma da ƙarfi."

Haka Asabar ɗina ta koma. In zauna da kwamfutar a cinya, shi ya zauna a kujerarsa yana fuskantar ƙofa, ya ce "Rubuta," in rubuta. A Asabar uku na ji muryar Baba fiye da yadda na ji ta a shekara talatin da wani abu. Na ji labarin mai unguwar da ya ɓoye yara a rumbu ranar ɗaukar 'yan makaranta, da shekarar da iska ta yaye rufin aji biyu aka koma gindin tsamiya.

A Asabar ta huɗu muka iso shekararsa ta biyu a Mawashi. Ya yi bayanin rijistar makaranta da malamin da aka turo masa wanda ba ya son alli.

"Rubuta. A shekaran nan aka samu ƙaruwa ta hwarko a gidan, namiji. Mai ɗakin ta tahi goyon ciki gidansu a Yashe. Labari ya iske ni ina cikin aji. Keke ba iska, na taho da ƙasa, ana ruwa. Da na isa na kasa shiga, gidan surukai ne, ga mutane. Na zagaya ta baya na tsaya jikin katanga ina jin kukanshi, har aka kira la'asar. Sannan na koma."

Hannuna yana kan maɓallan, amma bai motsa ba.

"An rubuta?"

Na ce, "Ana rubutawa."

Ya jira. Ya ji ƙarar maɓallan ta fara, ta tsaya, ta sake farawa. Bai juyo ba, ni ma ban ɗago ba. Da ƙarar ta ɗauke sai ya gyara zama.

"To. Shekara ta gaba aka kawo mana sababbin bencina. Rubuta."