Ranar da Aka Tura Ni Bayan Kicin a Paraguay

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aiki a Riyad ba, kamfaninmu ya tura ni Paraguay, can Kudancin Amurka. Ni likitan dabbobi ne, kamfanin kuma nama yake shigowa da shi daga waje, yana ajiyewa a manyan ɗakunan sanyi a Birnin Masana'antu na Biyu. Wani mai gonar shanu ne a can yake son ya riƙa sayar mana, sai aka ce mu je ni da mudir ɗinmu, wato manajan sashenmu, wani Balarabe. Shi zai yi maganar ciniki, ni kuma in duba lafiyar garke da yadda ake yanka. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Har sabuwar kwat na saya. Matata tana goge ta tana dariya, wai ita ba ta taɓa ganin wanda zai shiga kashin shanu da kwat ba.

Daga babban birnin ƙasar muka shiga mota zuwa ƙauye. Direbanmu wani dattijo ne mai sanyin magana, yana jin Turanci da Sifaniyanci da yaren Guarani, don haka shi ne tafintanmu. Ƙasar ta ba ni mamaki. Jar ƙasa ce kamar ta wajen Zariya, ga ruwan sama, ga zafi mai sa riga ta manne a jiki. Gonakin waken suya ido ba ya ganin ƙarshensu, shanun kuma farare masu tozo, sai ka rantse daga rugar Fulani aka koro su. Da muka kusa isa sai na ga bukkoki na baƙar leda jere a bakin titi, a matse tsakanin kwalta da wayar shingen gona. Na tambayi direba su wane ne.

Ya ce, "Guarani ne. Su ne asalin mutanen nan."

Da isarmu ban tsaya shan gahawa ba, na cire kwat na sa takalmin roba na bi ma'aikata zuwa garke. A gabana aka yanka sa guda irin yankan Musulunci, don a gasa mana. Sai wajen azahar na dawo gidan gonar, taɓo har gwiwa. Mudir yana tsaye da farar jallabiyarsa tas, mai gona yana ta rungumarsa. Ya miƙo min jakarsa ya ce in riƙe masa, na riƙe.

Sai ga motar ɗaukar kaya ta shigo da mutane a baya, maza da mata da yara. Aka sauke su, suka ɗaura gashin tsuntsaye a ka, maza suka ɗauki caki, mata suka riƙa buga dogayen gorori a ƙasa suna rera wani abu a hankali. Mai gona yana tafi yana cewa mudir ya ɗauki hoto. Direba ya matso kusa da ni ya ce, "Wannan fa ba rawa ba ce a wurinsu. Addu'arsu ce."

Da aka gama aka ce a shiga cin abinci. Mudir da mai gona suka wuce gaba. Ina zuwa bakin ƙofa sai wani shugaban ma'aikata ya tare ni da hannu, ya karɓi jakar, ya nuna min hanyar da ta zagaya baya. Na nuna ƙirjina na ce masa ni ne likita. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro, ya sake nuna min baya. Ya ga baƙin mutum da taɓo riƙe da jakar Balarabe, ya gama hukunci.

Jama'a, na yi fushi. Ina tafiya ina lissafa shekarun da na yi a jami'a, kamar akwai wanda ya tambaye ni. Na zagaya na tarar da direba a gindin mangwaro tare da mutanen da suka yi rawa. Sun cire gashin tsuntsayen sun mayar da tsofaffin rigunansu. Ƙamshin gasasshen nama yana fitowa ta tagar kicin yana dukan hancin kowa, su kuwa abin da aka ajiye musu roba ɗaya ce ta dafaffen rogo, ko gishiri babu.

Wata tsohuwa ta matsa min a kan kututturen da take zaune. Wani tsoho ya cika ƙahon sa da wani ganye, ya zuba ruwan sanyi, ya sa tsinken ƙarfe mai rami ya miƙo min. Haka suke sha, ƙaho ɗaya yana zagayawa. Ɗaci gare shi, amma ya sanyaya min ƙirji. Tsohuwar ta sa direba ya tambaye ni ko garinmu akwai rogo. Na ce akwai, har da ƙuli muke ci. Da aka yi mata bayanin ƙuli sai ta yi dariya ta ce mun fi su wayo.

Na tambayi tsohon ko su ne masu bukkokin bakin titi. Ya ce su ne. Na ce kafin nan fa, ina suke? Ya ɗaga haɓa ya nuna garken da na fito daga ciki ɗazu.

Ya ce, "Can aka haife ni. Mahaifiyata tana kwance a kabarinta kusa da inda shanu suke shan ruwa."

Wurin da na tsaya ke nan da safe ina duba kofato. Direba ya ƙara min da cewa rafin da suke ɗiba ma yanzu yana cikin shinge. In baƙi sun zo a aika mota ta kwaso su su yi rawa, ladansu shi ne a bar su su shiga ɗibar ruwa. Na mayar da rogon da na ɗauka cikin roba.

Ana haka sai ga mai gona ya fito da sauri, fuskarsa ta yi ja, mudir yana biye da shi. Ya kama hannuna da hannu biyu yana ta magana, direba yana fassarawa. "Ya ce ka yafe masa, kuskure ne babba. Ya ce da ya san kai ne likitan da ba a yi haka ba. Wannan wurin ba na irinka ba ne."

Na ce, "Tambaye shi na irin su wa ne."

Direba ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya fassara. Mai gona ya yi wata 'yar dariya ya ce ai su ba sa son zama a tebur, sun fi sakewa a haka. Na ce to ga su nan zaune, a tambaye su. Ba wanda ya tambaye su.

Mudir ya ja ni gefe. "Ya daktor, halas, shi ke nan, ya ba ka haƙuri. Yalla, mu shiga. Kada ka kunyata mu."

Na ce masa zan shiga in za a shiga da su, ko kuma a fito da naman nan waje.

Ya rage murya ya ce, "Ka tuna iƙamarka, takardar zamanka a Saudiyya, a hannun kamfani take."

Na tuna yarana da ke makaranta, na tuna mahaifiyata da ke jiran abin da nake aikawa. Komawa kawai na yi na zauna a kan kututturen. Can sai ga faranti an aiko, cike da nama, da wuƙa da cokali mai yatsu, na mutum ɗaya. Na miƙa wa tsohuwar. Ta yayyaga shi da hannu ta bi kowa da kowa, har ni, ta ba ni nawa daidai da na sauran.

Har muka sauka a Riyad mudir bai ƙara yi min magana ba. Shanun lafiyarsu ƙalau, haka na faɗa, don ba zan yi wa dabba ƙarya ba, aka ƙulla ciniki. Ba a kore ni ba, amma ba a sake tura ni ko'ina ba. Aka mayar da ni ɗakin sanyi ina duba kwalayen nama, har na bar kamfanin.

Wata Juma'a na je unguwar Gubaira a Riyad wurin abokina, mutumin Maraɗi ne, dako yake yi a wani sito. Na kwashe labarin nan kaf na ba shi, ina huci. Ya saurara har na gama, ya zuba min shayi, ya ce, "Likita, kai ai har an fito an ba ka haƙuri. Mu da kullum a bayan kicin ake ba mu, ba mu taɓa ganin wanda ya fito ba."

Tura ni baya da aka yi ya daɗe da daina damuna, yanzu ma dariya yake ba ni. Haƙurin ne har yau in na tuna raina yake ɓaci. Mai gonar nan ya tsaya a gaban tsoho da tsohuwa, a kan ƙasar da aka binne iyayensu, ya rantse cewa an yi kuskure, kuma kuskuren da ya gani ɗaya ne tak: an haɗa ni da su.