Buhun Takalman Hagu

Duk shekarun da na yi ina tsaron baya a ƙungiyar ƙwallonmu ta Yelwa, ban taɓa yarda da murmushin mai ƙungiyar ba. Wani alhaji ne mai injin casar shinkafa, kuma sunan shinkafarsa ne a ƙirjin rigunanmu. Mu ke shan rana, shinkafa na shiga kasuwa har Shanga, kuɗin ƙofa na faɗawa aljihunsa, amma da an yi maganar kasonmu sai ya ce ai don Allah yake riƙe da ƙungiyar. Ranar da ya sayar da mai ci mana ƙwallo ga wata ƙungiyar kudu, ko sisi bai ba mu ba. Muka ce ba mu zuwa wasan da za a yi a garin Wara sai an zauna da mu.

Matsalar ita ce mun san halin junanmu. Kowa ya rantse, amma kowa yana da mai jiran cefane a gida. Sai kyaftin ɗinmu ya kawo dabara: kowa ya jefa takalmin ƙwallonsa na hagu cikin buhu ɗaya. Babu mai takalmin canji a cikinmu, kuma alƙalin wasa ba ya barin mutum ya shiga fili da silifa. Aka ɗaure bakin buhun, aka ce a kai ɗakin Innata, tunda ba namijin da zai kutsa ɗakin tsohuwa.

Jajiberin wasan kyaftin ya ce a ɗauko buhun a duba. Tun a zaure na ga ɗaurin ba irin wanda kyaftin ya yi ba ne. Aka zazzage, kowa ya gane nasa, ban da mutum ɗaya. Aminina ne mai buga gefe, wanda muka taso tare tun muna satar zuwa wanka bakin ruwa.

Kyaftin ya dube shi ya ce, "Nawa Alhaji ya ba ka?"

Bai ko kalli kyaftin ba, ni ya kalla. Ya ce, "Ɗakin Innarka takalmina ya ɓace. Kai za a tambaya, ba ni ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce matarsa ce kaɗai ke shiga gaida Inna, kuma kowa ya san tana da tsohon ciki, gidansa na buƙatar kuɗi. Da ba a riƙe shi ba, da mun ba hammata iska.

Da safe muka je bakin ruwa don ganin wanda zai shiga jirgin Wara. Alhaji ya riga ya cika shi da 'yan wasan haya. Aminina ya zo da silifa, ya zauna can gefe a kan wani kwalekwale da aka kife. Bai shiga jirgi ba. Amma da Alhaji ya zo wucewa, sai ya tsallake mu duka, ya je ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da shi yana murmushin nan. Har yau ban sani ba ko godiya ce, ko kuwa makirci ne don ya raba kanmu.

Ko ma wanne ne, ya yi aiki. Kafin azahar kowa ya karɓi takalminsa, wasu har sun fara zancen a je a ba Alhaji haƙuri. Aminina ya wuce ta gabana ya nufi gida, bai kuma sake taka ƙwallo a Yelwa ba.

Na koma gida a gajiye, na shiga ɗakin Inna. Bayan ƙofa, inda buhun takalma ya kwana, akwai wani sabon buhu jingine, da sunan da ke ƙirjin rigata a jikinsa.

Na ce, "Inna, shinkafar ga daga ina?"

Ta ce, "Mi ya dame ka da ita?"

"Wa ya shigo ɗakin ga, Inna?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta turo mini kwanon tuwo ta ce, "Ci abincinka, kada shi huce."

Yunwa nake ji, na zauna na ci.